Ba Bindiga Kaɗai ke Raunata Yaro Ba: Martani kan Hantara da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasan Arewacin Zamfara

Wani marubuci ya fitar da maƙala game da halin da matasan arewacin Zamfara suke ciki, wato ƙasar da ta haɗa Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi da garuruwan da ke tsakaninsu irin su Badarawa, inda ya yi watsi da batun cewa zagi da gori da hantarar da yaro yake sha a gida suna da hannu a damuwar da ke cin samari da 'yan mata bayan sun tasa. A ganinsa wannan baƙuwar magana ce da ƙungiyoyin agaji suka kwaso daga Turai, domin iyaye da kakanni da tsawa aka rene su kuma ba su lalace ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ƙara da cewa duk mai neman dalilin rashin barci da saurin fushi da shaye-shayen matasan yankin ya dubi 'yan bindiga da yunwa da dillalan ƙwaya, ya ƙyale iyayen da ke cikin uƙuba su ji da abin da ya dame su.

Wajibi ne a ba marubucin gaskiyarsa a inda yake da ita, domin abin da ya faɗa game da uƙubar yankin babu ƙari a cikinsa. Fiye da shekara 10 ke nan ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda suna kwana da fargabar hari da satar shanu da garkuwa da mutane, manoma da dama sai sun biya masu bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu, sunan ɗan bindigar nan Bello Turji kuwa ya zama sananne har a bakin ƙananan yara. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar baki ɗaya kuma an rufe makarantu, bayan an riga an dakatar da kasuwannin mako waɗanda da su garuruwa irin Shinkafi suke rayuwa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin biyu, ta samu kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Wanda duk ya yi magana kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa a irin wannan ƙasa bai ambaci bindiga da yunwa ba, bai yi adalci ba. Kuskuren marubucin shi ne ɗauka da ya yi cewa dalili ɗaya yana kore ɗan'uwansa, har ya zama yaron da ya tsere wa harbi a daji ba ya jin zafin maganar da aka gasa masa a tsakar gida.

Rabin gardamar tasa ta ginu ne a kan gwama abubuwa biyu da ba ɗaya ba, don haka ya kamata a fayyace abin da ake magana a kai. Abin da masana suke kira cin zarafin zuciyar yaro ba shi ne tsawar da uwa ke daka wa ɗanta idan ya nufi bakin rijiya ba, ba kuma faɗan da uba ke yi idan an bar tumaki sun yi ɓarna a gonar maƙwabci ba, domin waɗannan suna da dalili sananne, suna da iyaka, kuma aikin da yaron ya yi suke nufa. Ana nufin ɗabi'a mai maimaituwa daga wanda yaro ya dogara da shi, wadda kullum take sanar da shi cewa shi ba kowa ba ne, ba a son sa, kuma zamansa a gidan alfarma ake yi masa. Daga ciki akwai kiran sa jaki ko daƙiƙi ko marar amfani har sunan ya bi shi, da yi masa gorin tuwo ko gorin uwarsa da aka saka, da tozarta shi gaban baƙi da ƙannensa, da barazanar kora ko tsinuwa, da fifita 'yan ubansa a fili, da ɗora masa laifin duk abin da ya lalace a gida, da kuma ɗauke masa kai kwana da kwanaki ba magana ba kallo. Hausawa suna da sunayen wannan hali tun tuni, suna ce masa kyara da hantara da tsangwama, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin yabo ga mai yin su.

Da'awar cewa batun baƙo ne ita ce mafi rauni a cikin maƙalar, kuma abin takaici ne a ji ta daga marubuci a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a wannan zamani. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da aibata juna da jifa da miyagun laƙabobi, kuma babu malamin da ya ce an cire 'ya'yan mutum daga wannan hani. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin ko kalmar ƙosawa daga bakinsa ba. Sun kuma ruwaito yadda aka yi wa Aƙra'u ɗan Habis gargaɗi kan rashin jinƙai sa'ad da ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbantar ko ɗaya ba, da yadda Annabi ya ƙi zama shaida ga kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita ban da 'yan'uwansa. A cikin Sahihu Muslim akwai hani ƙarara ga iyaye su yi wa 'ya'yansu muguwar addu'a, kada ta dace da lokacin da ake amsawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u, littafin da malaman zaure suka daɗe da sani, cewa idan yaro ya yi laifin farko yana ɓoyewa to a suturta shi, kuma yawan faɗa yana sa nasiha ta rasa nauyi a zuciyarsa. Ibn Khaldun kuwa, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddima kan illar tsanantawa ga ɗalibai da yara, inda ya nuna cewa tana kashe musu himma, tana koya musu ƙarya da makirci don tsoron hukunci, har halin ya zame musu jiki. Kafin su duka, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya tattauna baƙin ciki mai dogon zama da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Marubucin da yake ganin yana kare gado daga Turawa, gadon malaman Musulunci ne ya juya wa baya ba tare da ya lura ba.

Al'adar Hausawa ma ba ta tsaya masa ba. Al'ummar da take tsoron bakin uwa har ta yarda cewa kalma ɗaya daga gare ta tana iya ɗaga ɗa ko ta lalata shi, ba za a ce ba ta san magana tana da tasiri a rayuwar yaro ba. Tatsuniyoyin 'yar mowa da 'yar bora, waɗanda kowace kaka take bayarwa da dare, hukunci ne da jama'a suka daɗe da yankewa a kan fifiko da tsangwama a gidan kishiyoyi, kuma halin da agola da maraya da ɗan riƙo kan shiga ba ɓoyayye ba ne ga kowa. Gaskiya ne cewa akwai kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta kuma ba ta nuna masa so a gaban mutane, kuma baƙon da bai san gari ba yana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya alhali ba haka ba ne. Amma al'adar da ta sa kunya ita ce ta tanadi kaka mai wasa da jika, da goggo da inna da kawu waɗanda yaro ke gudu wurinsu idan an yi masa faɗa, kamar yadda ake gani a labarin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954. A nan ne hujjar cewa iyaye da kakanni sun sha tsawa ba su lalace ba take rasa madafa, domin tsawar tasu ta zo ne a cikin babban gida mai ƙofofi da yawa, inda idan ɗaki ɗaya ya yi zafi akwai wani mai sanyi. Iyalin da hari ya tarwatsa, kaka ta rasu ko ta yi wani gari, uba an kashe shi ko yana hannun masu garkuwa, uwa tana raɓe da 'ya'ya biyar a ɗakin aro a Ƙauran Namoda ko Gusau, ba su da waɗannan ƙofofi, kuma yaron da aka hantara a irin wannan ɗaki ba shi da wurin zuwa.

Akwai wata matsala kuma a cikin wannan hujja, wato waɗanda suka tsira ne kaɗai suke ba da shaida. Mutumin da ya sha kyara ya girma ya zama malami ko ɗan kasuwa ko marubuci shi ne ake jin muryarsa, ɗan'uwansa da ya ƙare a tasha ko ya shiga duniya ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ba a kiran sa ya faɗi nasa. Ko a cikin waɗanda ake ganin sun tsira, mutum yana iya riƙe gida da sana'a alhali bai taɓa iya zama ya yi hira da ɗansa ba, kuma matansa da yaransa suna shiga taitayinsu da zarar sun ji sallamarsa.

Alƙaluma sun nuna cewa abin ba ƙarami ba ne a Nijeriya. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a faɗin ƙasar kan cin zarafin yara, inda aka tambayi matasa 'yan shekara 13 zuwa 24. An samu cewa 6 cikin kowane yara 10 suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma mace 1 cikin 6 da namiji 1 cikin 5 sun sha cin zarafin zuciya daga iyaye ko masu riƙo ko manyan dangi. Tambayoyin ba su shafi tsawa ta yau da kullum ba, sun shafi ko an taɓa ce wa yaro ba a son sa, ko an yi fatan da ba a haife shi ba ko da ya mutu, ko an muzanta shi da cewa wawa ne marar amfani. Wannan binciken ne ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara a watan Satumban 2015.

Dangantakar wannan da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa an daɗe ana auna ta. Tsakanin 1995 da 1997 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 a birnin San Diego na Amurka game da wahalhalun ƙuruciyarsu, ciki har da zagi da wulaƙanci, suka samu cewa gwargwadon yawan wahalhalun gwargwadon ƙaruwar ciwon damuwa da shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. Abin lura ga wannan muhawara shi ne yawancin mutanen masu ilimi ne da rufin asiri, ba su san yaƙi ba kuma ba su san yunwa ba, don haka ba za a jingina abin da aka gani a kansu ga bindiga ko talauci ba. A 2012 Rosana Norman da abokan aikinta a Ostireliya sun tattara bincike 124 wuri guda, suka samu cewa waɗanda suka sha cin zarafin zuciya sun ninka sauran kusan sau 3 wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai nauyi da ke ɗaukar makonni yana hana mutum ci da barci da jin daɗin komai, alhali na waɗanda suka sha duka bai kai ninki 2 ba. Martin Teicher na jami'ar Harvard ya binciki matasa 554 'yan shekara 18 zuwa 22 a 2006, ya samu cewa illar zagin iyaye tana kafaɗa da kafaɗa da illar girma a gidan da ake dukan uwa a gaban yaro.

Mai musu yana iya cewa irin waɗannan bincike sun dogara da abin da mutum ya tuna, kuma wanda ke cikin damuwa ya fi tuna mummuna. Wannan suka ce mai ma'ana, shi ya sa binciken da ke bin yara shekara bayan shekara ya fi ƙarfin hujja. Ming-Te Wang na jami'ar Pittsburgh da Sarah Kenny sun bi iyalai 976, suka wallafa a 2014 cewa yaran da iyayensu suka riƙa yi musu ihu da zagi suna da shekara 13 sun ƙaru da alamun damuwa da kuma rashin ji a shekara ta gaba, kuma son da iyayen suke nuna musu a wasu lokutan bai share illar ba. Wannan ya taɓa zuciyar maƙalar kai tsaye, domin marubucin ya kare zagi ne da cewa yana gyara hali, sai ga shi halin da ake son gyarawa ƙara lalacewa yake yi. Karin maganar da ya kafa hujja da ita ma ba ta goyi bayansa ba, domin mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bi yana jin inda zai ba da kai, kuma ɗanyen ya fi busasshe saurin ɗaukar tabon da zai girma da shi. Ba a cewa duk yaron da aka zaga zai kamu da ciwo, da yawa suna tsira musamman idan suka samu babba ko da guda ɗaya mai jan su a jiki, abin da ake cewa shi ne haɗarin yana ƙaruwa ƙwarai.

Yadda abin yake aiki ba asiri ba ne. Jikin ɗan'adam yana da tsarin ko-ta-kwana wanda ke sakin sinadarai irin su kotisol idan an ji tsoro, zuciya ta buga da sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa, sa'an nan komai ya lafa idan haɗari ya wuce. Abin da ke kwantar da wannan tsari a jikin ƙaramin yaro shi ne kusantar uwa ko uba ko mai riƙo, don haka idan mafakar ce ta zama tushen tsoron, sai tsarin ya kasa lafawa, yaro ya girma kullum a ɗarare yana karantar fuskokin mutane yana jiran abin da zai biyo baya. Bayan wannan akwai abin da masanan halayyar ɗan'adam Donna Rose da Lyn Abramson suka yi nuni da shi a 1992, cewa yaron da aka doka yana iya ce wa kansa baba yana cikin fushi ne yau, amma wanda aka ce masa shi marar amfani ne an riga an ba shi fassarar, kuma daga bakin wanda ba ya iya ƙaryatawa. Idan ya girma ya faɗi jarabawa, ko jarinsa ya karye, ko aka hana shi auren wadda yake so, ba zai ce abu ya ƙi ba, zai ce dama an faɗa. Shi ya sa illar take fitowa fili a shekarun samartaka, lokacin da ake fara neman na kai da aure da matsayi a cikin tsara, kuma binciken Ronald Kessler na 2005 ya nuna cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin 24. A ƙasar Hausa mai wannan ciwo ba safai yake cewa yana da damuwa ba, ya fi cewa kansa yana ciwo, ƙirjinsa yana zafi, gabansa yana faɗuwa, tunani ya yi masa yawa, sai a saya masa maganin zazzaɓi a kemis ko a ce sammu ne ko iska.

Saura babbar hujjar marubucin, cewa a ƙasar da ake kashe mutane ba lokacin maganar zagi ba ne. Waɗanda suka yi aiki da yara a fagen yaƙi sun ga akasin haka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka riƙe gidajen renon yara a Landan ana ruwan bama-bamai, sun lura cewa firgicin yaro ya fi bin halin uwarsa da rabuwa da ita fiye da ƙarar bam ɗin kansa. Claudia Catani da abokan aikinta sun binciki 'yan makaranta a arewa maso gabashin Siri Lanka, suka wallafa a 2008 cewa gidajen da yaƙi ya fi taɓawa sun fi yawan tashin hankali a tsakanin iyali, kuma wahalar gida da ta yaƙi taruwa suke yi a kan yaro guda su ƙara masa ciwo. Catherine Panter-Brick ta bi yara a Kabul na Afganistan, ta samu cewa tashin hankalin cikin gida yana daga manyan abubuwan da ke nuna wane yaro ne halinsa zai ƙara taɓarɓarewa. Ma'anar wannan ga Badarawa da Zurmi a fili take. Uban da ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa, ya koma ba ya iya ciyar da gidansa, fushin da ba shi da ikon saukewa a kan mai bindiga yakan sauka a kan mafi rauni a gidan. Yaron da aka kashe ubansa aka kai shi riƙo gidan da su ma ba su ƙoshi ba, yana iya jin gorin kowace loma. Mafi ciwo ita ce yarinyar da ta dawo daga hannun masu garkuwa, wadda maimakon a rungume ta sai ta tarar da habaici da nuni da baki, har a gida a riƙa tuna mata cewa babu mai auren ta. 'Yan bindiga ne suka yi mata raunin farko, amma ko zai warke ko zai zauna mata har tsufa, kaso mai yawa na wannan yana hannun mutanen da take kwana tare da su.

Haka batun ƙwaya yake. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 suna shan ƙwaya a ƙasar, kusan miliyan 3 daga cikinsu a arewa maso yamma, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Marubucin ya ɗauki tiramol da kodin da wiwi a matsayin farkon labari, bai tambayi abin da ya sa a majalisa ɗaya wani saurayi ya ɗanɗana ya bari, wani kuma ya kasa rabuwa da su ba. Ga matasa da yawa ƙwaya hanya ce ta samun barci da kashe muryar da ke cikin kai, kuma idan aka gane suna sha sai a ninka musu zagin da ya kai su can. Ƙarshen wannan hanya an gan shi a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sa'an nan aka buɗe irinsa a Daura da Katsina a watan Oktoba. Yawancin waɗanda aka samu a ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, bisa imanin nan da maƙalar take karewa, cewa tsanani ne maganin kangara.

Tsoron marubucin cewa za a mayar da iyayen da ke cikin wahala masu laifi abin fahimta ne, amma ba a buƙatar kama kowa kafin a gyara. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta cutar da yaro a jiki ko a zuciya, Zamfara ta yi tata dokar kare yara a 2022, kuma a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai doka ba ta shiga tsakar gida, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200. Ga saurayin Badarawa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato tafiya ce mai tsada a kan hanyoyin da ake jin tsoron bi, ko Gusau ma ba kullum ake iya kai wa ba. Don haka aikin ya rataya ne a wuyan waɗanda suke nan kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari tun 2008 na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da firgici su kuma kula da su, kuma ma'aikacin da saurayi ya zo masa sau uku da ciwon kai da rashin barci yana iya tambayar sa yadda ake zama da shi a gida kafin ya rubuta magani. Limamin Juma'a da ya saba yin huɗuba kan haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya yana da hadisan Anas da Aƙra'u da Nu'umanu a cikin littattafan da ke gabansa, malaman Islamiyya da na allo kuwa su ne manyan da yaro ya fi daɗewa a gabansu bayan iyayensa. Iyaye mata da ke zaune da 'ya'yansu a cibiyoyin tamowa na Shinkafi da Zurmi su ma suna ɗauke da firgici da baƙin cikin da ba a tambaye su ba, kuma uwar da aka saurari damuwarta aka rage mata nauyi ta fi samun haƙurin da za ta yi wa ɗanta magana mai laushi idan sun koma gida.